Ranar kori a makarantar ɗana

Wata Litinin ce cikin watan Mayu. Babban ɗana ya dawo daga makaranta, ko jakar bayansa bai sauke ba ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Umma, ranar Alhamis kare za a ci a ajinmu. Ni ma ina so." Ina yankan kabeji, sai na ajiye wuƙar. Lokacin ba mu cika shekara a birnin Kobe na Japan ba, Japanancina bai wuce na gaisuwa da na cefane ba, kuma kullum cikin fargabar abin da zai shiga bakin yaron nan nake. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana jan ƙarshen kalmar. Da ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya ruga ya ciro takardar da makaranta ke rabawa a farkon kowane wata, mai ɗauke da abincin kowace rana, na haska ta da wayata. Ashe kori ne. Garin nan mai ruwan ɗorawa da muke barbaɗawa a soyayyar shinkafa da farfesun kaza, shi ne bakin Japanawa ya lanƙwasa ya koma kare. Cikakken sunan abincin kare raisu, wato kori da shinkafa.

A makarantun firamare na nan yara ba sa zuwa da abinci. Dafawa ake yi a kai musu aji, su sa fararen riguna da huluna su raba wa junansu, malaminsu ya zauna ya ci tare da su, abin da ke gaban wannan shi ke gaban wancan. Mu kuma tun watan Afrilu da ya shiga aji ɗaya muka zauna da malamai, muka yi musu bayanin cewa ba ma cin alade, naman da ba yankan Musulmi ba ma muna kaffa-kaffa da shi. Suka amince ba gardama ya riƙa zuwa da nasa daga gida. Wata guda yana tafiya da dafa-duka da taliya da shinkafa da wake, bai taɓa cewa uffan ba. Ranar nan ce ya fara roƙon wani abu, kuma na gane ba yunwa ce ke magana ba. So yake idan an buɗe kwanuka nasa ya yi kama da na sauran.

Washegari na goya ƙanwarsa na tafi babban kantin unguwarmu. Kanta guda cur aka ware wa kori, kwalaye a jere, kowanne da hoton faranti a jiki. An kasa su uku: amakuci mai zaƙi-zaƙi na yara, cukara matsakaici, da karakuci mai yaji. Abin da ke cikin kwalin wani dunƙule ne mai faɗi da aka tsaga gida-gida kamar cakulan, suna kiransa ru. Kitse da fulawa da kayan ƙamshi da gishiri aka haɗa aka daskarar. Matar gida ta dafa nama da kayan lambu, ta ɓalla ta jefa, miya ta haɗu, kuma yawancin gidajen Japan haka suke yi. Na ɗauki kwali na juya bayansa, ina neman harafin da Abbansu ya sa na haddace tun makonmu na farko, wanda ake karantawa buta. A wurinmu buta ta alwala ce, a wurinsu sunan alade ke nan. Ga shi kuwa. Na ɗauki wani, an gauraya kitsen alade da na sa. Na uku da romonsa a ciki. Daga baya na gano akwai waɗanda ba su da komai na dabba, har da masu hatimin halal a shagunan Musulmi, amma ranar ban sani ba. Na sayi wani ƙaramin jan gwangwani na garin kori, wanda babu komai cikinsa sai kayan ƙamshi, na dawo gida da niyyar in haɗa da hannuna.

Daren Laraba na ɗora tukunya na yi abin da hannuna ya saba. Na markaɗa tumatir da jan barkono da albasa, na soya har mai ya taso, na zuba nama da romo, na barbaɗa kori. Da na ga babu kauri irin na hoton, sai na dama fulawa da ruwan sanyi kamar zan yi talge, na tsiyaya. Ta yi kauri. Na tuna na ga hoton zuma a jikin wani kwali, don haka bayan na sauke na zuba cokali guda. Da safe da na ɗaga murfi, miyar ta tsinke, karas da dankali suna iyo. Babu lokacin sake wata. Na ɗumama na zuba masa a ɗan fulas ɗin miya.

Ya dawo da rabi. Ya ce, "Umma, da daɗi. Amma ba shi ba ne. Nasu ba ja ba ne, kuma ba ya gudu a kan shinkafa." Bai ƙara komai ba, ya wuce ya wanke hannu. Maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

A gidan da ke jikin namu akwai wata dattijuwa da ta haura shekara 70, ita kaɗai take zaune. Ita ce ta fara nuna mini yadda ake ware shara, wadda ake ƙonawa daban, gwangwani da kwalba daban, kowacce da ranarta. Ɗana yana kiranta Obacan, wato kaka, ni ma na bi bakinsa. Ta ji ƙamshin kori a baranda, ta tambayi yaron, shi kuma ya kwashe labari ya ba ta. Ranar Asabar da hantsi sai ga ta a ƙofa, rigar girki a hannu, da manyan albasa uku da tuffa ɗaya a leda. Ko cokali ba ta ɗauko daga kicin ɗinta ba. Ta ce da yaron ya gaya mini ta san kayan girkinta sun taɓa alade, shi ya sa. Ban taɓa yi mata wannan bayanin ba. Na rasa abin faɗa, sai godiya nake ta yi ina sunkuyawa.

Ta hangi jan gwangwanin ta ɗauka tana murmushi. Ta ce da shi mahaifiyarta ke yin kori tun kafin dunƙulen kwali ya cika gari. Na kamfanin S&B ne, tun 1950 yake fitowa a wannan jan gwangwanin, wanda ya kafa kamfanin kuwa, Yamazaki Minejiro, tun 1923 ya fara haɗa garin kori a Japan. In an buɗe, kurkum ne ke fara dukan hanci, sai hulba a bayansa, da wani ƙamshin ɓawon lemo can ƙasa-ƙasa. Yajinsa kaɗan ne.

Nama dai ina da shi. Kowace Juma'a idan Abbansu ya sauko daga masallacin Kobe, yakan biya shagunan Musulmi da ke kusa ya sayo mana daskararren naman sa na halal, galibi na Ostireliya. Masallacin nan shi ne mafi daɗewa a Japan, tun 1935 yake tsaye, ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu bai rushe shi ba, girgizar ƙasar 1995 ma haka. Duk wanda ya ji muna Kobe sai ya tambaye ni labarin naman shanun nan nasu mai tsada da kitse ya ratsa, amma wannan miyar ba ruwanta da shi. Naman ƙwauri take so, mai jijiya, wanda sai ya daɗe a wuta yake sakin jiki. Obacan ta duba nawa ta gyaɗa kai. Ta ce a yankinsu na Kansai idan aka ce nama kawai, na sa ake nufi, kuma da shi suke yin kori. Mutanen Tokyo ne suka fi yi da alade.

Na yanka gram 600, kowane yanki kamar loma guda, na tsane ruwan jikinsa, na barbaɗa gishiri da masoro. Na ɗauko tukunya zan tafasa kamar yadda muka saba, a tafasa da albasa da kayan ƙamshi sannan a soya, sai ta hana. Ta sa na ɗora tukunya mai kaurin gindi, mai cokali ɗaya, wuta sosai, na jera naman kashi biyu don kada ya hau kan juna. Kada in taɓa, in ji ta, sai gefen ƙasan ya yi ja ya saki tukunyar da kansa. Da na kwashe, gindin ya yi wani ƙanzo-ƙanzo mai ruwan ƙasa. Na ɗaga zan kai wurin wanki, ta riƙe mini hannu. A cikin wannan tukunyar za a soya albasa.

Albasar ta tsibirin Awaji ce, can ƙetaren gadar Akashi, wanda ake hangowa daga gaɓar yammacin Kobe. Duk Japan an san albasarsu da zaƙi. Ukun nan sun kai gram 700. Muka yanka su siri-siri, suka cika tukunya har na ce sun yi yawa. Ta barbaɗa ɗan gishiri, ta rage wuta zuwa tsaka-tsaki, ta miƙo mini muciya, ta ja kujera ta zauna.

Minti 10 na farko ruwa albasar ta yi ta fitarwa, ruwan ya narkar da ƙanzon naman, ta ɗauki launinsa tun ba ta soyu ba. A minti 20 ta koma rabi, ta yi laushi, ta yi ruwan zinare. In da miyar gida ce, a nan zan ce ta yi. Na dubi Obacan. Ta girgiza kai ta ce, "Mada, mada." Da saura ke nan. Daga nan babu matsawa daga gaban murhu. Albasar ta fara kama gindin tukunya. In ta kama sai a zuba ruwa cokali biyu, a kankare da muciya, abin da ya kama ya koma cikinta, a ci gaba. Na yi haka ya fi sau biyar. Jaririya ta farka, na goya ta na dawo. Kafaɗata ta riƙe. Ƙamshin da ke tashi ya bar na albasa ya koma na sukarin da ake narkarwa za a yi alewa. Sai da muka cika minti 45 sannan ta miƙe ta leƙa. Albasar da ta cika tukunya ta koma abin da bai fi ludayi biyu ba, ja mai duhu, tana sheƙi, ta manne da juna kamar kirɓaɓɓen dabino. Ta ce sunan wannan launin ame-iro, launin alewa. Ta lakato kaɗan a bakin cokali ta ba ni. Zaƙi zalla, alhali ko ƙwayar sukari ba a sa ba.

A nan na ga inda na ɓata hanya ranar Laraba. A tumatir da barkono na je neman jikin miya, don a can tamu ke samun nata. Ita wannan a albasa nata jikin yake, kuma launin da yaron ya ce ba ja ba ne, rabinsa daga nan yake fitowa.

Muka goga citta kamar girman babban yatsa da tafarnuwa ƙwaya biyu, muka zuba tare da tumatirin gwangwani cokali ɗaya kacal, aka juya na minti ɗaya. Naman ya koma da ruwan da ya tsatso a faranti, sai ruwa lita ɗaya. Da ya tafaso, wata kumfa mai toka-toka ta taru a sama. Aku suke ce mata, kuma ban taɓa ganin mutanen da suka tsane ta kamar Japanawa ba. Obacan ta tsaya da ƙaramin ludayi da kwanon ruwa a gefe, tana yaɗe kumfar tana ɗauraye ludayin, har saman romon ya yi fes. Sannan ta fere rabin tuffar ta goga ta zuba, ta ce in kawo zuma.

Na ba ta labarin yadda tawa miyar ta tsinke. Ta tafa hannu ta ce zumar ce. A cikin zuma akwai wani sinadari da ke narkar da sitacin fulawa, in aka zuba ta bayan miya ta yi kauri sai ta warware kaurin. Tun farko ake sa ta, ta tafasa aƙalla minti 20, zafi ya kashe ƙarfin sinadarin. Yawun baki ma haka yake yi, shi ya sa ba a mayar da cokalin ɗanɗano cikin tukunya. Al'adar sa tuffa da zuma kuwa kamfanin House ne ya yaɗa ta, da wani dunƙule mai suna Vermont da ya fitar a 1963, don yara su ma su iya cin kori, ya daina zama na manya kaɗai. Ta nuna jaririyar da ke bayana ta ce kada a ɗanɗana mata ko kaɗan, ba a ba yaron da bai cika shekara ba zuma ko da dafaffiya ce. Muka sa cokali ɗaya, aka rufe aka bar 'yar ƙofa, wuta can ƙasa, awa ɗaya da rabi.

A wannan tsakanin muka wanke shinkafa. Tasu gajeriya ce mai ƙiba, tana kama juna in ta dahu, ta fi kusa da shinkafar tuwonmu a kan doguwar da muke so ta yi warara. Da wani ƙaramin kofi mai cin mililita 180 suke awo, suna kiransa go. Mun auna go 3. Ruwan farko ba a barinsa ya daɗe, ana zubawa ana tsiyayewa, don busasshiyar shinkafa tana shan duk abin da ta fara haɗuwa da shi, har warin dusa. Sai a cuɗa a hankali da yatsu, a sauya ruwa sau uku, a jiƙa ta rabin awa. Ba gishiri, ba mai. Tukunyar lantarkinmu tana da layi-layi a ciki, ta sa na tsayar da ruwan ƙasa kaɗan da layi na 3, don shinkafar kori an fi son ta ɗan tsaya, kada ta caɓe a ƙarƙashin miya. Wadda ba ta da irin wannan tukunyar, go 3 yana son ruwa wajen mililita 580. A rufe, in ya tafasa a rage wuta sosai na minti 12, a kashe, a bar ta minti 10 ba a ɗaga murfi ba.

Karas biyu ta karɓa ta nuna mini yankan da suke kira rangiri: a sara a karkace, a ɗan mirgina karas ɗin, a sake sarawa, kowane yanki ya fito da fuskoki da yawa da romo zai shiga. Dankalin turawa kuwa sai ta tambayi wane iri na saya. Ban ma san iri-iri ba ne. Akwai danshaku mai zagaye, da ke farfashewa in ya dahu, akwai mekuin, dogo mai santsin baya, da ke riƙe jikinsa. Nawa danshaku ne guda uku, don haka ta sa na yanka manya-manya na jiƙa a ruwa, ba zai shiga ba sai saura minti 15 a gama. Karas ya riga shi da minti 10.

Sai ru. A wani kasko daban ta narkar da bota gram 50 a kan ƙaramar wuta, ta zuba fulawa gram 50, ta sake miƙo mini muciya. Da farko abin ya dunƙule kamar kwaɓin cincin. Can sai ya saki, ya koma ruwa-ruwa yana 'yar kumfa. Fari, sannan ruwan madara, sannan launin soyayyar gyaɗa. Ba a ɗaga hannu ko kaɗan, don fulawa in ta ƙone ɗaci take yi, kuma ba ta da gyara sai zubarwa. Warin ɗanyen gari, wanda na yi ta ji a miyata ta Laraba ban san daga ina yake ba, ya tafi, ƙamshin biskit ya taso. Wajen minti 20 launin ya kai na ƙuli-ƙuli. Sai da ta kashe wuta sannan ta zuba garin kori manyan cokali biyu. Ya yi cuu, ƙamshi ya cika gidan har yaron ya baro wasansa ya zo ya tsaya. A kan wuta, in ji ta, garin zai ƙone kafin ƙiftawar ido. Zafin kaskon kaɗai ya ishe shi.

Ina juyawa ina mamakin yadda abincin da asalinsa Indiya ya zo ya ƙare a bota da fulawa. Malamar da ke koya mana Japananci ce ta warware mini daga baya. Daga hannun Turawan Ingila ya shigo Japan, su kuma sun riga sun mayar da kayan ƙamshin Indiya gari guda a gwangwani, suna kaurara miyarsu da fulawa. Sun zo da shi bayan an buɗe wa baƙi tashoshin jiragen ruwa irin su Yokohama da wannan Kobe da muke ciki, wadda aka buɗe a 1868. Zuwa 1872 har ya shiga littattafan girki na Japananci, ɗaya daga ciki ma da naman kwaɗo a kayan haɗinsa. Shi ya sa har yau cikin abincin Turawa suke lissafa shi, kuma da cokali ake ci, ba da 'yan sandunan nan nasu ba. Sojojin ruwa suka ɗauke shi don tukunya ɗaya tana ciyar da jama'a da yawa. Yana cikin littafin girkinsu na 1908, kuma har gobe a jiragen sojan ruwan Japan kori ake ci duk ranar Juma'a. Da shinkafa ta shiga abincin makarantu a 1976, shi ma ya samu wurin zama a can, inda ɗana ya tarar da shi.

Wurin haɗa ru da romo ne gudaji ke shiga. Ta ɗebo romo ludayi ɗaya ta zuba a kaskon, ta dama har ya shanye, ta ƙara wani ta sake damawa, har sau huɗu, sai da ya zama sumul kamar kunu mai kauri. Ta kashe wutar babbar tukunya, ta jira tafasar ta kwanta, sannan ta juye. Ko masu amfani da na kwali, ta ce, sai sun kashe wuta kafin su jefa, in ba haka ba bayan dunƙulen zai dahu ya ƙulle cikinsa bai narke ba. Aka mayar da wuta ƙasa-ƙasa na minti 10, ana juyawa daga gindi, don yanzu kamu ba ya mata wuya. Miyar ta fara ɓulɓula a hankali, ɓul, ɓul. Ta ja muciya ta tsakiya, hanya ta buɗe, ta daɗe kafin ta rufe.

Na ɗanɗana. Ƙamshi ya yi, kauri ya yi, amma da abin da babu, kamar miyar kukar da aka manta ba a sa wa daddawa ba. Na kwali da gishirinsa da kayan ɗanɗanonsa yake zuwa, na gida kuwa sai an ba shi. Ta sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da shoyu babban cokali ɗaya, baƙin ruwan ɗanɗanon nan nasu na waken suya da alkama, wanda ni a shagon Musulmi nake saya don wasu ana ƙara musu barasa. Sannan ta tambaya ko ina da garin kofi. Rabin ƙaramin cokali ta sa. Ta ce wannan shi ne kakushi-aji, ɓoyayyen ɗanɗano, abin da ake sawa kaɗan yadda mai ci ba zai gane shi ba, amma in babu zai ji. Kowane gida da nasa, wasu cakulan, wasu kindirmo, wasu miso, wani kwaɓin ruɓaɓɓen waken suya mai gishiri. Nata kofi ne, tun mijinta yana da rai. Na sake ɗanɗanawa. Zaƙi ya fara zuwa, sai nama, sai kayan ƙamshi, yaji kuma can daga ƙarshe, ɗan kaɗan a maƙogwaro. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ɗauko dakakken yaji. Na daure.

Bayan azahar muka zauna. Faranti mai ɗan zurfi, shinkafa a gefe guda, miya a ɗaya gefen tana ɗan hawa kanta. A gidajensu da wani jan haɗin kayan lambu mai zaƙi da gishiri ake ci, fukujinzuke. Mu kokwamba muka yanka muka sa gishiri da ruwan khal. Yaron ya yi bisimilla, ya ƙara da itadakimasu, kalmar da suke faɗa kafin cin abinci, saboda Obacan. Ya kai cokali ɗaya ya yi shiru, ya kai na biyu. Ya ce, "Shi ne, Umma." Ya juya ya faɗa mata da Japananci. Abbansu ya ci faranti biyu, na biyun da yajin ƙuli a gefe.

Za ta tafi ke nan ta ga na rufe tukunyar na bar ta a kan murhu, yadda muke yi da miya a gida, a ɗumama da dare a sake da safe. Ta dawo. Kowa a Japan ya yarda korin da ya kwana ya fi daɗi, amma ba a tukunya ake barinsa ya kwana ba. Miya mai kauri haka tana daɗewa ba ta huce ba, iska ba ta ratsa ta, kuma akwai wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta gamawa da ita, wadda ke hayayyafa daidai lokacin da miya take ɗumi-ɗumi. Duk shekara idan damina da zafinsu suka kama daga watan Yuni sai an yi ta gargaɗi a kai. Muka juye a kwanuka marasa zurfi, muka dasa su cikin ruwan sanyi, suna hucewa muka sa a firji. Wanda zai wuce kwana biyu sai a daskarar, amma a tsame dankalin tukuna, don in ya daskare ya narke soso yake komawa. Ranar ɗumame kuma a tafasa sosai ana juyawa har gindi.

Ranar da na fara yi ni kaɗai, wayata ta yi ƙara ina cikin soya fulawa, na amsa, kafin in waiwayo ta ƙone. Na zubar na sake. Yanzu albasar nakan soya da yawa ranar Lahadi, in kasa in daskarar, don ita ce mai cin lokaci. Na taɓa gwada man shanu a madadin bota. Ru ɗin ya haɗu lafiya, sai dai ƙamshinsa ya fi ƙarfi, yaron ya gane tun daga ƙofa, don haka na makaranta da bota nake masa.

Ranar kori ta gaba a makaranta ta faɗo cikin watan Yuni. Ina idar da sallar asuba na tafasa miyar, na cika fulas da ruwan zafi ya ɗauki ɗumi, na zubar na juye ta ciki, shinkafa kuma a kwanonsa. Ya dawo da fulas wayam. Ya ce yaron da ke kusa da shi ya leƙa kwanonsa ya ce iri ɗaya ne, daga nan suka ci gaba da maganar ƙwallo.

Wata Juma'a kuma, a tukunyar gida, na ɗauko daddawar da Inna ta ƙullo mini a tsarabar tahowa. Na gutsuri kamar girman ƙwayar gyaɗa na daka, na sa tun farko tare da nama, ban sa kofi ba. Na zuba wa Obacan a ƙaramin kwano na aika yaron. Ba a jima ba sai ga ta da kwanon a hannu, tana tambayar me na ɓoye a ciki. Ta lissafa miso, ta lissafa shoyu, ina cewa a'a. Na buɗe ledar na miƙa mata. Ta shaƙa, ta ja baya, ta sake shaƙa a hankali, ta ce 'yar'uwar natto ce, ruɓaɓɓen waken nan nasu mai yauƙi da suke ci da safe. Ta tambaya ko zan iya ɓallar mata kaɗan. Na ɓalla mata rabi.